Jinjina ga Masu Sauraron Inji a Hartum da Umdurman

Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin bai san ana kallonsa ba. Yau hannuna a sama yake, ina jinjina wa wasu bayin Allah da ba a jin sunansu a rediyo, ba a kuma liƙa hotonsu a bango: injiniyoyi da makanikai da masu gyaran lantarki da ke aiki a tashoshin ruwa da na wuta na Hartum da Umdurman da Bahri. Mutanen Sudan na ce wa mai digiri a cikinsu muhandis, wanda kuma ya koyi aikin da hannunsa har ya gwanance su kira shi usta. Duk wanda ya murɗa kan famfo a Umdurman cikin shekarun nan na tashin hankali ruwa ya zubo, ko da siriri ne kamar zare, to akwai bashin godiyar mutanen nan a wuyansa. A cikinsu kuwa akwai wani rukuni da nake son in ware, su ne masu auna jijjigar inji, waɗanda aikinsu shi ne su gane ciwon da ke cikin ƙarfe tun ƙarfen bai kwanta ba.

Wanda bai san wurin ba zai ɗauka ruwa ba abin damuwa ba ne a can. Ga Farin Nilu ya taso daga kudu, ga Shuɗin Nilu ya gangaro daga duwatsun Habasha, sun haɗu a Mugran, garuruwan uku kowanne ya kafa ƙafa a gaɓa. Amma ruwan kogi ba ya hawa tudu da kansa. Sai an ja shi, an tace, an tura shi cikin bututu, kuma a kowane mataki akwai abin da ke juyawa. Tashar Mugran, da ta Bahri, da ta Burri, da ta Soba, da ta Almanara da aka buɗe a arewacin Umdurman a 2010 don ta riƙa tace lita miliyan 200 a rana, duk cikinsu famfuna ne a jere, kowanne da motonsa, wato injin lantarkin da ke juya shi. Wutar ita ma daga masu juyawa take fitowa: injuna goma na madatsar Marawi, mai nisan kusan kilomita 350 arewa da Hartum, kowanne megawat 125, na madatsar Rusairis da aka gama a 1966, na tashar Garri da ke daura da matatar mai ta Jaili, da injunan tururi na tashar Bahri. In sandar ƙarfe guda ta karye a Marawi, wata tsohuwa ce a unguwar Umbadda ta Umdurman za ta kwana randarta a bushe.

Abin da ya fara jawo musu yabo a wurina ya girmi yaƙin da ya ɓarke a 2023. Daga 1997 zuwa Oktoban 2017, shekara 20 cur, Sudan na ƙarƙashin takunkumin Amurka. Sayen kayan gyara daga kamfanonin can, ko daga duk kamfanin da ke tsoron ɓata wa Amurka rai, ya zama sai an bi ta bayan gida, ga tsada ga jira. Ga habub, guguwar ƙurar nan da ke tasowa kamar katanga ta rufe gari, ƙurarta ta kutsa har cikin giris. Ga zafin watan Mayu da ke haura digiri 45. Damina kuwa in ta yi, Shuɗin Nilu sai ya koma ja da laka, yashinsa yana cin farfelar famfo kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa, kuma ba ya ci daidai, wani fiffiken ya riga wani sirancewa, nauyi ya karkata. A cikin wannan hali mutanen nan suka riƙe tashoshin, wasu tun na zamanin mulkin Ingila. Wanda ba shi da sabon boris a sito dole ya iya gane ranar da tsohon zai mutu, don haka larura ce ta koya musu sauraro.

Na taɓa shiga ɗakin famfuna na wata tashar ruwa a can, shekaru kafin yaƙi, bisa alfarmar wani dattijo Bahaushe da ya tsufa a aikin. Jikan alhazan ƙafa ne, irin waɗanda hanyar Makka ta ajiye a bakin Nilu, daga Mai Wurno har Ishash Fallata. Hausarsa ta da ce, sai ɗan Larabcin da ya yayyafa mata. Ƙarar wurin ba ta barin magana sai da ɗaga murya. Ya zaro doguwar sukundireba daga aljihun rigar aiki, ya ɗora bakinta a kan gidan boris, ya danna ƙotarta a ƙashin bayan kunnensa, ya runtse ido. Ya jima a haka. Wani matashin injiniya na tsaye a gefe da akwati a hannu, yana jira cikin ladabi.

"Baba usta, me ka ji?"

"Akwai abin da ke damunsa, ɗana. Amma ƙarfe maƙaryaci ne. Kukan na iya zama na nan, yana iya zama na maƙwabcinsa ne ya biyo sanda. Kawo naka kunnuwan."

Yaron ya buɗe akwati ya fito da 'yan ƙarafa takwas, kowanne bai fi ƙwallon goro ba, gindinsu maganaɗisu. Ya goge giris da ƙura daga wuraren da tun tuni aka kankare fenti aka yi wa alama, ya liƙa huɗu ta gefe, biyu a sama, biyu kuma suna fuskantar tsawon sanda. Wayoyi takwas suka taru a bakin akwatin. Tun da asuba, kafin a tayar da injin, ya riga ya manna ɗan tef mai ƙyalli a jikin sandar, ya kafa wata 'yar fitila tana kallonsa, duk zagaye guda ta ƙirga. Ya danna maɓalli. Ba a yi minti guda ba layuka suka miƙe a fuskar akwatin.

"Boris lafiyarsa ƙalau, Baba. Saiti ne. Moto da famfo ba sa kallon juna."

Dattijon ya gyaɗa kai, bai nuna an kaye shi ba, don shi ya fara nuna inda za a duba. Maganin bai wuce 'yan ɓallayen ƙarfe masu kaurin reza ba, da aka cusa ƙarƙashin ƙafafun moton bayan an tsayar da shi. Da an bi zato, da an cire boris mai rai an jefar, a ƙasar da ake wata da watanni ana jiran sabo, kuma sabon ma da bai daɗe ba, tun da ciwon yana nan.

Mai karatu zai ce, me ya sa sai takwas? Ba a ɗaukar guda a riƙa zagayawa da shi? Ana yi, haka ma aka fi yi, kuma yana da ranarsa. Sai dai moto da famfo suna da boris huɗu, kowanne ana auna shi ta gefe da ta sama da ta tsawo, wuri 12 ke nan. Kafin mai kunne ɗaya ya gama zagaye, matsin ruwa ya canza, wuta ta ɗan yi ƙasa, ƙarfe ya ƙara zafi, awon farko da na ƙarshe sun zama na hali biyu. Wannan ma mai sauƙi ne. Babban abin da ke kuɓuce masa shi ne sanin wa ya riga wa. Ka ɗauki mata biyu a kan turmi. In ka saurari kowacce ita kaɗai, za ka san ƙarfin dukanta da saurinsa, amma ba za ka san ko lugude suke yi ko tare suke sauke taɓarya ba. Haka inji yake. In gaban sanda da bayanta suna ɗagawa tare suna sauka tare, nauyi ne ya taru a gefe guda, kamar fankar sama da aka lanƙwasa wa fiffike. In wannan ya hau wancan ya sauka, nauyin ya rabu biyu ne yana murɗa sandar ta kusurwa. In kuma ɓangarori biyu na mahaɗar moto da famfo suna lugude ta tsawo, saiti ne ya goce. Yawan jijjigar na iya zama ɗaya a dukansu ukun, magani kuwa kowanne da nasa. Gaskiya ne mai kunne ɗaya da fitilar ƙirge yana iya haɗa labarin a hankali, amma sai in injin ya yarda ya zauna a hali guda har ya gama, injunan Hartum kuwa ba su saba yin wannan alfarma ba. Shi ya sa akwatin kirki ke ɗaukar duk kafofinsa a ƙiftawar ido guda, da agogo guda.

Wutar Sudan, kamar tamu ta Nijeriya da Nijar, tana kaɗawa sau 50 a sakan. Don haka janareton injin tururi yakan yi zagaye 3,000 a minti, moton famfo kuma yawanci ya ɗan gaza 1,500, kusan zagaye 25 a sakan. Abin da kunne ke ji gurnani guda, akwatin yana tsefe shi, kamar yadda gwanin kiɗa ke ware kalangu daga ganga a tsakiyar taro. Layukan da ke fitowa suna tsaye kamar karan dawa, wani dogo wani gajere, kowanne a gurbinsa. Dogon layi a daidai saurin zagaye, nauyi ne. A ninki biyu, a duba saiti. In suka jeru reras, ninki uku, huɗu, biyar, noti ne ya kwance ko gindi ya saki. Farfela mai fiffike shida tana da nata layin a kusan 150. Akwai wani da ke tsayawa a 100 daidai, na lantarki ne, kuma gwajinsa mai sauƙi ne: a kashe wuta, in ya ɓace nan take alhali sandar na ci gaba da juyawa, to ba ƙarfe ne ke da laifi ba. Boris mai ciwo yana fara 'yar ƙara can sama, inda kunnen mutum ba ya rarrabewa, watanni kafin tafin hannu ya ji zafi a gidansa. Sa'ad da kogi ya ja baya kuma famfo ya rasa isasshen ruwan zuƙa, sai ka ji kamar an zuba masa tsakuwa, fuskar akwatin ta cika da gajerun layuka kamar ciyawa. Lissafin da ke wannan tsifa na wani Bafaranshe ne, Joseph Fourier, wanda ya bi rundunar Napoliyon zuwa Masar a 1798, ya sha ruwan wannan Nilu da muke magana. Sai a 1965 Cooley da Tukey suka fito da gajeriyar hanyar da kwamfuta ke bi ta yi shi cikin sauri.

Kada a raina ɗan nauyin da ya karkata. Giram 100, nauyin ƙaramin sabulu, in ya zauna rabin mita daga tsakiyar sandar da ke zagaye 3,000 a minti, yana fizgar ta da ƙarfin da ya kai kusan kilo 500. Buhun masara biyar ke nan, ana wurga su ta kowace fuska sau 50 a sakan, dare da rana. In sauri ya ninka biyu, fizgar ninki huɗu take yi.

Manyan injuna ba su da ƙwallayen boris, sandarsu tana iyo ne a kan siririn mai. A irinsu ana kafa idanu biyu na dindindin a kowane gida, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, suna auna tazarar sanda ba tare da sun taɓa ta ba. In aka haɗa abin da biyun suka gani a lokaci guda, sai ga zanen hanyar da tsakiyar sandar ke bi: da'ira ce, ko ƙwai, ko ta murɗe kamar lamba 8. Ido ɗaya ba ya iya zana wannan. Kamfanin Bently Nevada ne ya yaɗa wannan dabara tun shekarun 1960, kuma na Amurka ne, sai mai karatu ya auna wahalar da injiniyan Sudan ya sha in ido guda ya mutu masa a shekarun takunkumi. Ƙa'idar duniya ta ISO 20816 ta raba lafiyar inji gida huɗu, daga A zuwa D. Matsakaicin moto da ke zaune a kan kankare mai ƙwari, in jijjigarsa ba ta kai milimita 1.4 a sakan ba, kamar sabo yake. Har zuwa 2.8 a bar shi ya yi aikinsa. In ta haura 4.5, yana cin kansa.

Sai ga ranar 15 ga Afrilun 2023. Tun a kwanakin farko na faɗa tsakanin sojoji da dakarun RSF tashar ruwa ta Bahri ta tsaya, mutanen garin suka koma ɗiban ruwan kogi da jarka da amalanken jaki. Miliyoyi suka bar babban birnin. Ma'aikatan gwamnati suka yi watanni ba albashi. Duk da haka akwai waɗanda suka ci gaba da zuwa tasha, suna wuce shingaye, suna kwana kusa da injin don ba tabbas in an fita za a iya dawowa. Arewacin Umdurman ya cika da waɗanda suka gudo daga wasu unguwanni, nauyin shayar da su ya faɗo kan abin da ya rage yana juyawa. Matasan unguwanni suka yi nafir, wato gayyarsu, suna haɗa kuɗin mai da kayan gyara. A Janairun 2025 matatar Jaili ta kama da wuta, jirage marasa matuƙa suka kai wa Marawi hari fiye da sau ɗaya. A tsakiyar Mayun shekarar aka buga tashoshin wuta a Umdurman, babban birnin ya faɗa duhu, famfuna suka tsaya, mutane suka sha abin da suka samu. Kafin watan ya ƙare ma'aikatar lafiya ta sanar da mutuwar mutum 172 cikin mako guda da kwalara, mafi yawan masu cutar a jihar Hartum. Duk wanda ke zaton maganar boris da sanda maganar 'yan boko ce, ya tsaya a kan wannan adadi.

Kowane karo mutanen nan komawa suka yi. Bayan sojoji sun karɓe tsakiyar Hartum a Maris ɗin 2025, abin da ma'aikata suka tarar a wurare da yawa kango ne: an farke taransifoma an kwashe jan ƙarfen ciki, an tone wayoyi daga ƙasa. Suka tattara abin da ya saura, suka cire na wannan suka sa wa wancan, ruwa ya fara komawa unguwa bayan unguwa. Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Duk wanda kuma ya auna tashar ruwa ko ta wuta da makami, ko wane ne shi, alhakin yaran da kwalara ta ɗauka yana kansa.

To, an yaba, kuma yabon ya cancanta. Amma da sauran aiki, kuma mafi yawansa irin wanda ba a ɗaukar hotonsa ne.

Tashin inji daban, lafiyarsa daban. Ranar da aka tayar da famfo ana guɗa, manya na yanka ƙyalle, ba mai son ya ji wani ya ce a dakata. Sai dai injin da ya shekara biyu a tsaye ba yadda aka bar shi ake tarar da shi ba. Sanda mai nauyin tan-tan in ta kwanta ta gefe guda tana lanƙwasa da nauyin kanta, shi ya sa ake sa wa injin tururi wani ƙaramin moto mai juya shi a hankali ko bayan an kashe shi. Wa ya juya su a shekarun da ba kowa a tasha? Boris da ke tsaye alhali ƙasa na girgiza da faɗuwar makamai, ƙwallayensa suna tona 'yan ramuka a inda suka zauna. Mai ya sha ruwa, tsatsa ta shiga, kankaren gindi ya tsage a inda ido ba ya gani. Ɓarawon jan ƙarfe kuma ba ya bambance wayar wuta da siririyar wayar da ke kai saƙon jijjiga ɗakin kula. Sai inji ya tashi kurma. Nan ne jarabawar take: na'urar kariya ta ƙi barin a tayar don ba ta jin komai, gari na kukan ƙishirwa, wani ya kawo shawarar a haɗa waya a tsallake ta, na kwana biyu kawai. Na fahimci mai wannan shawara, ban kuwa ce mugu ne ba. Amma kwana biyun nan sun saba zama shekara.

Abu na gaba shi ne littafi. Awo ba ya magana sai an gwada shi da na jiya. Milimita 3 a injin da ya shekara goma a kan 3 ba tashin hankali ba ne. Milimita 3 a injin da watan jiya yake kan 1 kuwa, a kira usta cikin dare. Tarihin da aka tara a takardu da kwamfutocin ofis, inda wuta ko ɓarayi suka shiga, ya tafi. Dole a sake kafa shi daga tushe, kuma ranar kafawa ita ce ranar tayarwa. Babban inji yana da wani sauri da in ya iso shi a hanyar hawa sai ya yi rawa mai tsanani kafin ya wuce ya natsu. Wucewar nan ba ta ɗaukar lokaci, ba wanda zai zagaya da kunne ɗaya ya kama ta, kuma a cikinta ne lanƙwasar sanda da sakin gindi ke tona kansu. A liƙa duk kunnuwan tun kafin a danna maɓalli. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka auna kuma a ajiye kwafinsa a wani gari, ko Atbara ko Bur Sudan, don an ga abin da ajiya a wuri guda ta jawo.

Ga hukuma da masu ba da agaji, magana ɗaya ce. Sabon famfo da taransifoma suna kyau a hoto, akwatin awo ba ya yi. Kuɗinsa kuwa bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da na gyaran injin tururi guda da ya buga. A sa shi cikin kowace kwangila, tare da wayoyinsa da batirinsa, da kuɗin gwada shi lokaci-lokaci, don mudu ma ana duba shi. Kuma akwati ba mai karanta shi kaya ne kawai. Jami'ar Hartum, wadda tushenta Kwalejin Gordon ce ta 1902, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan sun daɗe suna yaye injiniyoyi, amma yaƙi ya ɓata ɗakunan gwaji, ya watsa malamai da ƙwararru zuwa Masar da ƙasashen Larabawa. Wanda ya sami aiki a Jidda ko Doha, kishin ƙasa kaɗai ba zai dawo da shi ba, sai da albashin da zai ciyar da iyali. Tsofaffin ustoci da suka rage kuwa a haɗa kowanne da matashi mai akwati tun suna raye. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma abin da ke cikin kunnen dattijon nan ba a rubuta shi a kowane littafi ba.

Akwai abu guda da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. A Maris ɗin 2009 aka buɗe Marawi da shagali. Wata biyar bayan haka, ranar 17 ga Agusta, a madatsar Sayano-Shushenskaya ta ƙasar Rasha, inji na biyu ya ɓalle murfinsa ya yi sama, ruwa ya cika ɗakin injuna, mutum 75 suka mutu. Bincike ya gano ƙusoshin da ke riƙe da murfin sun gaji sun tsattsage, wasu ma ba noti a kansu. Ba rashin na'ura ne ya kashe su ba. Na'urar tana nan, ta yi watanni tana nuna jijjiga na hauhawa har ta wuce iyaka nesa, ba a tsayar da injin ba. Don haka a ba mai awo ikon ya ce a kashe, a kuma rubuta ikon a takarda, ta yadda ba zai ji tsoron wayar wani babba ba. Shi ma kuma ya sauke nasa nauyin: ya rubuta abin da ya gani, da kwanan wata, da sa hannu, ko da ba abin da ake son ji ba ne. Ɗauke ruwa na yini biyu bisa sanarwa, mutane su cika randa, ya fi sauƙi nesa a kan wata shida ana jiran sanda daga ƙetare.

Mu ma da ke wannan gefen maganar ta shafe mu. Ɗalibanmu da aka kwaso daga Hartum a 2023, da yawansu daga Jami'ar Afirka, sun san ɗanɗanon ruwan tashoshin nan. Kainji na juyawa tun 1968, famfunan Tamburawa da Challawa na shan yashi kamar na Mugran, ƙurar hunturu ba ta fi habub tausayi ba. Ba a jefa mana bam a tashoshinmu ba, ba a sa mana takunkumi na shekara 20 ba. Shugaban hukumar ruwa da ke karanta wannan ya shiga ɗakin famfuna ya ce a nuna masa littafin awon watan jiya.

Ku kuwa 'yan'uwa na Hartum da Umdurman da Bahri, muhandis da usta, sannunku da aiki, Allah ya ƙara lafiya. Madatsar da Habasha ta gina a kan Shuɗin Nilu tana tare laka mai yawa yanzu, amma kogunan Dindir da Rahad ba su daina kawo tasu ba, kuma a watan Yuli kogi zai sake yin ja. Kowane famfo da kuka tayar, ku liƙa masa kunnuwa ku rubuta lambarsa kafin ruwan ya iso.